Malam, Dubi Yaro Kafin Ka Ɗauki Bulala

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Mu kuwa da muke koyon aikin malanta muna so mu ƙara a kan maganarsu, mu ce labarin ciki ma, da na jini, da na ƙashi, a tambayi fuska da hannu da ƙafa. Gama cuta in ta shiga jikin ɗan Adam, galibi takan bar sawu a waje, kamar yadda ɓarawo kome gwanintarsa yakan bar sawu a bayan danga. Wanda ya san sawun sai ya bi shi tun da wuri, wanda bai sani ba kuwa ya taka ya wuce. Abin da muke so mu faɗa cikin wannan takarda ɗaya ne. Ya kamata malamin makaranta ya san sawun nan, kuma ya kamata a koya masa shi tun yana kwaleji, kamar yadda ake koya masa lissafi da tsara darasi.

Me ya sa muka ce malami? Domin likita ba ya ganin yaro sai an kai masa shi, ba a kuwa kai shi sai ciwo ya kwantar da shi. Iyaye suna ganinsa kullum, amma ganin kullum ɗin nan shi ke ɓoye musu abin, gama cutar da ke tafe a hankali ido yakan saba da ita, har a ɗauka halittar yaron ke nan. Malami kuwa yana da abin da waɗancan ba su da shi. Yara arba'in ko fiye, sa'o'in juna, suna jere gabansa da hasken rana, kwana biyar a mako. In ɗaya ya bambanta da sauran, malami ne ya kamata ya fara lura.

A makarantu da yawa akwai al'adar duba tsabta da safe. A jera yara, kowa ya miƙo hannu, a dubi farce da haƙori da riga, wanda aka samu da dauɗa ya sha bulala. Ba mu raina wannan al'ada ba, gama tsabta abin nema ce a addini da zaman duniya. Sai dai abin mamaki, malam yakan ga dauɗar da ke ƙarƙashin farce, ba ya ganin farcen kansa ya yi fari fat. Yaron nan mai farin farce shi zai yi gyangyaɗi in rana ta ɗaga, a ce masa malalaci, shi zai kasa gudu a filin wasa, a ce masa rago. Ya sha duka da safe don dauɗa, ya sha da hantsi don barci, alhali kuwa jini ne ya ƙaranta a jikinsa. Ko jaki in ya ƙi tafiya, mai shi mai hankali yakan dubi kofatonsa kafin ya ɗaga sanda.

To, in wani ya ce alamomin suna da yawa, yaya za a riƙe su, sai mu ce masa duk wanda ya yi karatun allo ya riga ya haddace jerinsu tun yana ƙarami, watau jerin gaɓoɓin alwala: tafin hannu, baki, hanci, fuska, hannu zuwa gwiwa, kai, kunne, ƙafa. Wanda ya bi yaro da ido bisa wannan jeri ba zai tsallake wurin dubawa ba, kuma ba zai ci fiye da minti biyu ba.

Mu fara da hannu. Malami ya ajiye tafinsa kusa da na yaro ya gwada. Tafin mai lafiya ja-ja yake, haka ma ƙarƙashin farcensa. In ya ga tafi ya koɗe, farce ya yi fari, ko ya yi shafal har tsakiyarsa ta lotsa kamar cokali, to, ya yi zaton ƙarancin jini. Irin wannan yaro yakan yi haki da ɗan ƙaramin aiki, ya yi jiri in ya miƙe, wani har ya riƙa cin ƙasa ko ɓantarar bango a ɓoye. Asalin abin galibi rashin sinadarin ƙarfe ne cikin abinci, wanda da shi jiki ke gina jini. Sa'an nan akwai ɓarayi biyu da ke ƙara ɓarna. Zazzaɓin cizon sauro yana farfasa ƙwayoyin jini, wata tsutsa kuma tana shiga ta fatar ƙafar mai tafiya ba takalmi inda ake bayan gida a fili, ta je ta maƙale a hanji tana tsotson jini. Nama da hanta da kifi da wake da ganye suna mai da abin da aka rasa, musamman in an haɗa da lemo ko gwaiba ko garin 'ya'yan kuka, gama waɗannan suna taimakon hanji ya karɓi ƙarfen. Shayi kuwa, in an sha shi tare da abinci, tauye shi yake yi.

Daga hannu sai baki. Tsagewar kusurwar leɓe abu ne da iyaye kan ɗora wa hunturu. Amma in hunturu ya wuce tsagar ba ta warke ba, harshe kuma ya yi ja sumul yana zafi, to, bitamin na dangin B ne ya gaza, musamman wanda ake kira ribofilabin, wanda ake samu cikin nono da ƙwai da hanta da ganye. Wannan tsohuwar matsala ce a ƙasarmu, gama tun a 1949 wani likita mai suna Nicol ya buga binciken da ya yi kan abincin manoman Nijeriya, inda ya fi mai da hankali ga rashin wannan bitamin da na bitamin A. Dasashi mai zub da jini kuwa yawanci rashin asuwaki ne, amma yakan zama rashin 'ya'yan itace, cutar da ta riƙa kashe matuƙan jiragen ruwa na Turai, wadda James Lind ya gwada a 1747 ya ga lemo yana warkar da ita.

Akwai wata ta baki wadda ta fi waɗannan muni, ta fi kuma kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda yunwa ko ƙyanda ta raunana, watau ƙannen ɗalibanmu. Likitoci suna ce mata noma, ko da yake ba ruwanta da noman gona. Takan fara da kumburin dasashi da warin baki da dalalar miyau, sa'an nan kunci ya kumbura ya yi baƙi, cikin 'yan kwanaki ta huda shi. In ba a yi magani ba takan kashe har tara cikin goma, in kuwa an kai asibiti tun tana dasashi, maganin ƙwayoyin cuta da abinci mai kyau da wanke baki sun isa su tsai da ita. A Sakkwato akwai asibiti musamman dominta tun 1999, kuma a ƙarshen 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Malamin da ya koya wa aji ɗaya alamarta ya aika da idanu arba'in cikin gidaje arba'in.

Hanci ba shi da dogon labari, sai dai mai yawan haɓo a kai shi a duba. Amma fuska, nan ne babban allo, ido kuwa shi ne babban baƙinsa. A ja fatar ido ta ƙasa a hankali. In cikinta ja ne, madalla, in fari ne, ya tabbatar da abin da tafin hannu ya faɗa. In farin ido ya koma rawaya, shawara ke nan, ita kuwa shawara alama ce kawai, tana nuna ko hanta ta sami matsala, ko jini yana farfashewa. In mai rawayan idon yaro ne ɗan siriri mai yawan fashin makaranta, wanda kan yi kukan ciwon ƙashi lokacin sanyi ko in ruwa ya doke shi, to, a yi zaton amosanin jini, wanda ake kira sikila. James Herrick ne ya fara bayyana ta a Shikago ta Amurka a 1910, amma ba ƙasar da ake haihuwar masu ita kamar Nijeriya, inda kusan mutum ɗaya cikin huɗu yake ɗauke da irinta ba tare da yana ciwo ba. Irin wannan yaro ba a tsai da shi a rana, ba a tilasta masa dogon gudu, ba a hana shi shan ruwa cikin aji. Horon da wani zai ɗauka ya manta, shi yana iya kai shi gadon asibiti.

Sai dundumi, wanda kowa ya san sunansa. Yaro yana gani sarai da rana, amma da magariba ta yi sai ya riƙa laluben bango, yana tuntuɓe da turmi. Malaman makarantun allo, masu karatun dare, su ne suka fi dacewa su gane shi. Rashin bitamin A ne, kuma dundumi gargaɗinsa na farko ne kawai. Bayansa farin ido yakan bushe, wani ɗan tabo mai kama da kumfar sabulu ya fito a gefen baƙin ido, tabon da likitan Faransa Bitot ya bayyana a 1863. In aka bar shi, musamman in ƙyanda ta zo a kai, baƙin idon kansa yakan yi laushi ya lalace cikin kwanaki kaɗan, makantar kuwa ba ta da magani. Mutanen dā da suka ce a ba mai dundumi hanta sun yi daidai, gama a hanta dabba ke ajiye wannan bitamin. Akwai shi kuma cikin manja da man shanu da ƙwai, da mangwaro da gwanda da kabewa da karas, da zogale da alayyafo. Ɗigon nan da ma'aikatan lafiya ke matsa wa yara a baki kowane wata shida, daga ɗan wata 6 har ɗan shekara 5, shi ne wannan bitamin, kada wani ya hana ɗansa. Ido mai yawan kwantsa da ƙaiƙayi wanda ƙuda ke bi kuwa, a ji tsoron amodari, gama in ya daɗe yakan juya gashin ido ciki ya riƙa kartar ƙwayar. Wanke fuska kullum rabin rigakafinsa ne.

Wuya ba ya cikin gaɓoɓin alwala, amma yana kan hanyar mai saukowa daga fuska zuwa hannu. Kumburi a gaban wuya, wanda kan hau ya sauka in yaro ya haɗiyi ruwa, farkon maƙoƙo ne, sanadinsa kuwa mafi yawa rashin aidin, sinadarin da ƙasar wasu wurare ba ta da shi, don haka amfanin gonarsu ma ba shi da shi. Abin lura ga malamai shi ne, a makaranta aka fara tabbatar da rigakafinsa. Daga 1917 likita David Marine ya gwada aidin kan 'yan mata 'yan makaranta a garin Akron na Amurka. Cikin 2,190 da aka ba, 5 kaɗai suka yi maƙoƙo, cikin 2,305 da ba a ba ba kuwa, 495 suka yi. A 1922 aka fara zuba aidin cikin gishiri a Suwizalan, Nijeriya kuma ta wajabta haka a 1993. Kumburin wuya shi ido ke gani, amma babbar ɓarna ta ƙwaƙwalwa ce, gama uwar da ta rasa aidin tana da ciki takan haifi ɗa mai raunin fahimta. Saboda haka a sayi gishiri mai aidin, a rufe shi, a nesanta shi da wuta da laima. In kuwa kumburin a gefen wuya yake, kaluluwa ce da ta ƙi sauka mako da makonni, ga tari fiye da mako biyu, ga zufa da dare, ga rama, to, a gwada tarin fuka. Yana warkewa da shan magani na wata shida in ba a yanke ba.

A hannu zuwa gwiwa fata ake dubawa. Tabon da ya fi sauran jiki haske yawanci ƙyasfi ne, ba abin tsoro ba. Amma in tabon ba ya ƙaiƙayi, ba ya zufa, aka rufe wa yaro ido aka taɓa wurin da auduga bai ji ba, to, a kai shi a duba kuturta. Mun san nauyin sunan nan a kunnen Bahaushe, don haka muke so a ji wannan da kyau. Ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda likitan Norwe Hansen ya gano a 1873, ba a gadonta, kuma yawancin mutane jikinsu ba ya karɓarta. Tun 1981 akwai haɗin magunguna masu warkar da ita cikin wata 6 zuwa 12, tun 1995 kuma kyauta ake ba da su ko'ina a duniya. Wanda ya fara sha ya daina yaɗa ta. Dungulmin yatsu da muke gani sakamakon jinkiri ne, gama jijiya ce ta mutu, mutum ya riƙa ƙonewa yana jin rauni bai sani ba. Wanda aka gane tun yana tabo ɗaya, ba wanda zai taɓa sanin ya yi ta. Haka kuma fatar da ta yi baƙi ta yi kaushi a daidai inda rana ke duka, bayan hannu biyu da kewayen wuya, tare da zawo, alamar felagira ce, cutar masu dogara ga masara zalla. Gyaɗa da wake da kifi suna tare ta.

A kai, ban da makero da kowa ya sani, a dubi gashi. In ya yi ja, ya yi laushi, ya miƙe, yana tsigewa ba zafi, abinci mai gina jiki ne ya gaza. A kunne kuwa a dubi mugunya. Yaro nawa aka kira mai kunnen ƙashi don an yi magana bai amsa ba, alhali kunnen ne ya daɗe yana zub da ruwa har ji ya ragu? Irin wannan a dawo da shi layin gaba, a kai shi a yi masa magani tun bai kurumce ba.

Alwala da ƙafa take cika. In bayan ƙafa biyu ya kumbura, a danna da babban yatsa a ƙirga uku, in rami ya zauna, ruwa ne ya taru. Ga babban yaro yana iya zama ƙoda ko zuciya. Ga ƙaramin da aka yaye kuwa, in ga jan gashi, ga kumatu cike, ga rashin walwala, tamowa ce mai tsanani, kuma kumburin nan shi ke ruɗin iyaye su ce yaro ya yi ƙiba. Wata likita 'yar Jamaika, Cicely Williams, ita ta bayyana wannan cuta a 1933 tana aiki a Akra ta ƙasar Gwalkwas, wadda ta zama Gana a 1957. A 1935 ta sa mata sunan da mutanen wurin ke kiranta da shi, kwashiyoko, watau ciwon yaron da aka ture daga nono don ƙane ya zo. Iyayenmu mata da ke tsoron kwanika sun san wannan haɗari tun kafin a rubuta shi. Yaron da aka cire daga nono aka bar shi da kunu tsura, cikinsa yana cika amma jikinsa ba ya ginuwa. Akwai ɗan ma'auni na zare mai launi da ake zagaya damtsen yaro da shi, daga ɗan wata 6 zuwa shekara 5. In ya kasa santimita 11 da rabi, a kai asibiti ran nan. A yunwar 2005 a jihar Maraɗi ta Nijar an warkar da dubban yara da wani kwaɓin gyaɗa da madara da mai da sukari, yawancinsu suna gidajen iyayensu. Ashe ginshiƙin maganin gyaɗar gonarmu ce.

Ƙafar baka da gwame ma ba duka ne halitta ba. In ga kaurin wuyan hannu, ga yaro yana kukan ƙafa in ya yi tafiya, ƙashi ne ya yi laushi. A Turai rashin hasken rana ke kawo wannan, har aka yi mamakin ganinsa a ƙasa mai rana kamar tamu. Sai binciken da aka yi a Jos kan yara 123, aka buga a 1999, ya nuna abin da yaranmu suka fi rasa shi ne kalsiyam, sinadarin ginin ƙashi. Nono da ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu da miyar kuka duk suna da shi.

Kafin alwala akwai kama ruwa, a nan kuwa ido ba ya aiki, sai tambaya cikin sirri. Jini a ƙarshen fitsari tsargiya ce, kada wani ya ce alamar balaga ce. Tsutsa ce da Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851, tana fitowa daga katantanwar kududdufi ta shiga fatar mai wanka, in ta daɗe ta ɓata mafitsara da ƙoda, ƙwayar maganinta kuwa sha ɗaya ake yi. Yaron da ke neman izinin fita fitsari kowane lokaci, yana ƙishirwa, yana ci yana ramewa, kiyashi yana bin fitsarinsa, kada a ce wasa yake so. Ciwon sukari yana kama yara, kuma ga yaro ba ya jira.

To, mun san abin da za a ce mana. Na farko za a ce malami ba likita ba ne, kowa ya tsaya matsayinsa. Gaskiya ne, mu ma a kan haka muke. Alama ɗaya takan fito daga cuta uku ko huɗu, sai gwajin asibiti ke rarrabe su, wasu cututtuka kuma, kamar hawan jini, ba su da alamar da ido zai gani ko kaɗan. Malamin da ya ga farin tafi ya hau sayo wa yaro ƙwayoyi a kasuwa ya fi wanda bai duba ba ɓarna. Aikinsa ya gani, ya rubuta ranar da ya gani, ya gaya wa iyaye su kai asibiti, sa'an nan bayan mako ya tambaya ko an kai. Mai gadin gari ba shi ke yaƙi ba, amma in bai buga kuge ba, laifinsa ne.

Na biyu za a ce akwai kunya, yaya malami, yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai, zai dubi magidanci ya ce ɗanka bai ƙoshi ba? Wannan magana tana da nauyi, kuma wanda ya raina ta zai kori yara daga makaranta. Maganinta ladabi. Kada a ja idon yaro ko a ambaci ciwonsa gaban 'yan'uwansa, gama sunan da yara suka laƙa wa ɗan'uwansu yakan bi shi har tsufa. 'Yan mata malama mace ta duba su. Kada malami ya furta sunan cuta, balle irin su kuturta. Ya tafi zauren uban da kansa bayan la'asar, ya gaishe shi yadda ya kamata, ya ce, "Baba, na ga wani abu a jikin yaron nan, ina so masana su duba mana." In abin ya fi ƙarfinsa ya nemi hedimasta ko liman ko mai unguwa su raka shi. Da wuya a sami uban da zai yi fushi da wanda ya taka har ƙofarsa don ɗansa.

Na uku za a ce ina amfanin gane yunwa a gidan da ba hatsi? Ba za mu ce talauci ƙarya ne ba. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san watannin nan na tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai nuna ba. Amma a sake duba abubuwan da muka lissafa a sama: zogale, kuka, wake, gyaɗa, kabewa, nono, ƙananan kifi. Yawancinsu a bayan gida suke ko a kasuwar ƙauye. Sau da yawa abincin yana nan, rabonsa ne ya karkace, a sayar da ƙwai da nono duka, a kai wa manya tsokar nama, yaro ya tashi da tuwo da romo. Wannan ilimi yana gyara shi. Inda kuwa babu ɗin ce da gaske, rubutun malami shi ne shaida. Hukumar da aka ce mata yara suna wahala tana iya kau da kai, amma in aka ajiye mata rajista mai suna da rana da alama, ta ga yara goma sha biyu cikin arba'in masu farin tafi, kau da kai ya yi wuya.

Na huɗu wani zai ce cuta da lafiya na Allah ne. Haka yake, ba mai musu. Amma malamanmu na fiƙihu ba su taɓa karantar da mu cewa neman magani ya saɓa wa tawakkali ba. Manomi ya san ruwa na Allah ne, bai kuwa fasa shuka ba.

Saboda haka ga roƙonmu. Ga shugabannin kwalejojin horon malamai, a sa wannan ilimi cikin darussa, kuma kada ya tsaya a allo. A kai ɗalibai asibiti mafi kusa na 'yan kwanaki, su ga farin ido da kumburin ƙafa da idonsu ƙarƙashin jagorar ma'aikatan lafiya, gama gani ya kori ji. Ga hedimastoci, a ware shafi a bayan rajista don lafiyar yara, a riƙa cika shi sau ɗaya a wata, a kuma raya lambun makaranta, a shuka zogale da alayyafo da gwanda, yara su ci abin da suka shuka, su kai iri gida. Ga ma'aikatan lafiya, in za ku koyar da malamai ku gayyaci na makarantun allo, gama almajirin da iyayensa ke nesa ba shi da wani ido a kansa sai na malaminsa.

Ga 'yan'uwanmu masu shirin fita aiki kuwa, ku tuna yaran nan amana ce. Uba ya ɗauko ɗansa daga gona, inda yake da amfani gare shi, ya miƙa mana don yana zaton mun san abin da bai sani ba. In yaron ya makance da dundumi yana zaune gabanmu shekara guda, bayan mun ji alamarsa, me za mu ce wa uban, me kuma za mu ce ranar da za a tambayi kowa abin da aka ba shi kiwo? Lafiya uwar jiki ce, karatu kuwa a jiki yake zama. Allah ya ba mu idon gani da zuciyar tausayi, ya raya mana yaranmu cikin ƙoshin lafiya, amin.